Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Kwamishinonin Ilimi da na Al'adu: A Ware wa Tatsuniya Rana Guda a Shekara

Zuwa ga masu girma Kwamishinonin Ilimi da takwarorinsu na Raya Al'adu a jihohin Arewacin Najeriya.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya tare da iyalanku, da addu'ar Allah Ya taya ku riƙon amanar da aka ɗora muku, na rubuto ne a kan wata buƙata mai sauƙin kuɗi, wadda na san za ta iya sa a yi murmushi a ofishin da takardun albashin malamai da na gyaran azuzuwa suka cika tebur. Buƙatar ita ce ku haɗa kai ku tsayar da rana guda a kowace shekara wadda za a keɓe domin yin tatsuniya a makarantu da gidaje da gidajen rediyo. Na zaɓi in yi maganar a fili saboda ba ta jiha ɗaya ba ce, kuma saboda iyaye da malaman makaranta, waɗanda su ne za su ɗauki nauyin abin idan kun amince, suna da haƙƙin su ji hujjar tun daga farko.

Ba mu ne za mu fara ba, ranku ya daɗe. A ƙasar Suwidin, a shekarar 1991, masu sana'ar ba da labari da baki suka ware ranar 20 ga Maris domin wannan aiki, kuma daga can abin ya bazu har ya zama Ranar Ba da Labari ta Duniya, wadda ake zaɓa mata jigo guda kowace shekara, kowa ya ba da labari a kansa da harshensa a garinsu. A Amurka akwai ranar 26 ga Fabrairu, wadda ba gwamnati ce ta kafa ta ba, amma ɗakunan karatu da makarantun ƙananan yara suka riƙe ta a matsayin ranar yi wa yara tatsuniya. A wani ƙaramin gari mai suna Jonesborough a jihar Tennessee, tun 1973 ake taruwa kowace Oktoba domin sauraron gwanayen labari. Akwai kuma ranar 2 ga Afrilu, ranar haihuwar marubucin labaran yara Hans Christian Andersen ɗan ƙasar Denmak, wanda aka haifa a 1805, wadda tun 1967 ake bikinta a matsayin ranar littattafan yara. Wannan ta ƙarshe ta littafi ce, kuma tana da amfaninta, amma ba irinta nake roƙo ba. Abin da nake roƙo shi ne ranar da mutum zai buɗe baki, ba takarda a hannunsa, ya ce "Ga ta nan, ga ta nanku," yara su amsa masa da "Ta zo mu ji ta."

Dalilin da ya sa na nace a kan baki shi ne, ta fuskar rubutu ba a bar mu a baya sosai ba. Tsakanin 1911 da 1913 wani Baturen mulki, Frank Edgar, ya buga kundi uku na tatsuniyoyi da labaran Hausa, waɗanda malamai suka rubuta da ajami, wasu daga cikinsu a Sakkwato, aka mayar da su boko, kuma daga baya Neil Skinner ya fassara su zuwa Turanci. A 1913 R. S. Rattray ya fitar da tarin da Malam Shaihu ya rubuta masa a ƙasar da yau ake kira Ghana, abin da ke nuna cewa tun wancan lokacin Gizo ya bi fatake har zangon Gwanja da Kurmi. A farkon shekarun 1970 marigayi Ibrahim Yaro Yahaya ya tsara wa 'yan makaranta jerin littattafan tatsuniyoyi da wasanni, waɗanda da yawa daga cikinku kun karanta a firamare. Sassan Hausa na jami'o'inmu a Kano da Zariya da Sakkwato cike suke da kundayen ɗalibai a kan wannan fanni. Ƙasusuwan labaran dai suna nan a adane. Abin da ke salwanta shi ne yadda ake faɗarsu, kuma shi ne abin da takarda ba ta iya riƙewa.

Ku ɗauki tatsuniyar Ruwan Bagaja, wadda kusan babu gidan Bahaushe da ba a taɓa yin ta ba. A rubuce, shafi biyu ne ko uku: an ɗora wa 'yar bora laifin ɓata shimfiɗa, an kore ta ta je ta wanko a wani ruwa mai nisa, ta yi ladabi a hanya ta dawo da arziki, 'yar mowa ta bi sahunta da rashin kunya ta dawo da tsiya. A bakin tsohuwar da ta iya, labarin na iya cinye rabin dare. Duk kogin da yarinyar ta isa sai ta tsaya ta rera waƙar tambaya, kuma kafin a kai kogi na uku yaran da ke zaune sun riga sun haddace ta, su ne ma ke karɓa. Idan aka zo bukkar da ta tarar da cinya da kare, tsohuwar takan datse murya ta yi gurnanin cinyar, sannan ta sake murya ta zama karen da ke yi mata tafinta, yara kuwa suna dariya suna matsowa jikin juna. Idan aka ba yarinyar ƙwai aka ce kada ta fasa sai inda ta tambaya ba a amsa mata ba, mai labarin takan yi tambayar, "In fasa?", ta bar yara su yi ihun "Fasa, fasa, mu sha ƙwai!", ta sake yi, su sake, har zuwa karon da za ta ɗaga hannu kowa ya yi tsit. Wannan shirun da ɗaki ke yi kafin ƙwan ya fashe ba ya cikin kowane littafi. Haka tsamin bakin Gizo, wanda ba ya iya cewa sarki sai "shaiki", da faɗan Ƙoƙi, da muryar Dodo idan ya dawo gida yana cewa yana jin warin mutum. Mai labarin tana duban fuskokin da ke gabanta, ta tsawaita inda ta ga sun kamu, ta taƙaita idan ta ga ƙaramin cikinsu ya fara gyangyaɗi, ta kuma cusa wa wanda ya yi rowa da rana nasa kason ba tare da ta kama suna ba.

Wannan gwaninta daga baki zuwa baki take tafiya, kuma wuraren da take tafiya a cikinsu sun ragu ƙwarai. A da ɗakin kaka da ɗakin amarya, inda 'yan mata ke taruwa taya ta hira, da dandali a daren farin wata, su ne makarantunta. Yau gidan gandu ya watse zuwa gidajen haya a birane, kaka tana ƙauye jikoki suna Abuja ko Legas, kuma bayan sallar isha'i talabijin da waya sun riga kowa kama wuri. Ba na cikin masu zagin waya, domin da ita zan roƙi a yi wani ɓangare na aikin. Amma gaskiya ce cewa matar da aka haifa a shekarun 1950, wadda ta tashi ba ta da abin hira sai bakin goggonta, ta haura saba'in ko tana dab da haka, kuma 'yarta ta san rabin abin da ta sani, jikarta kuwa sunayen kawai ta riƙe.

Ga tsoron da nake ji, kuma gara in faɗe shi tun yanzu. Idan kuka karɓi wannan shawara aka miƙa ta ga kwamiti, akwai yiwuwar ta zama irin tarukan da muka saba gani. Na taɓa halartar ranar al'ada a wata makaranta inda aka gayyato wata dattijuwa domin ta yi wa yara tatsuniya. An jera manyan baƙi a rumfa a kan kujerun alfarma, an bar ɗalibai a rana, aka yi jawabin maraba, aka yi na shugaban taro, aka yi na babban baƙo mai jawabi wanda ya karanta doguwar takarda a kan muhimmancin adabin baka. Da aka zo kanta azahar ta gabato, aka miƙa mata lasifika mai ƙara, aka raɗa mata cewa ta taƙaita. Baiwar Allah ta tsaya a tsaye, abin da mai tatsuniya ba ta saba ba, ta dubi jerin manyan riguna, ta karanto labarin kamar mai ba da shaida a gaban alƙali, ba waƙa ba kwaikwayon murya, ta koma ta zauna. Idan irin wannan ce ranar za ta zama, barinta ya fi. Ina roƙon duk takardar da za ta fita daga ofisoshinku a kan wannan rana ta faɗi a sarari cewa babu jawabi, babu rumfar manyan baƙi, kuma taron ba zai wuce aji guda a wuri guda ba, yara a kan tabarma, mai labari a zaune a tsakiyarsu.

Batun lokaci yana buƙatar tunani. Mafi sauƙi shi ne a bi ranar 20 ga Maris, a shiga sahun duniya. Amma Maris a wurinmu farkon bazara ne, ga zafi, ga jarrabawar zango na biyu ta matso, kuma a 2024 da 2025 ranar ta faɗo cikin azumi, lokacin da dare na tarawihi ne da tafsiri. Wasu za su ce a haɗa da Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, wadda aka fara a 2015 kuma ta samu karɓuwa. Ita ma tana zuwa ne a tsakiyar damina, makarantu suna dogon hutu, mutanen karkara suna gona, kuma ta riga ta cika da hawa da kiɗa da baje kolin abinci, ta yadda muryar tsohuwa ba za ta fita a cikinta ba. Kakanninmu sun riga sun zaɓi lokacin: bayan an kawar da amfanin gona, rumbu ya cika, sanyi ya fara shigowa, dare ya yi tsawo. Shawarata ita ce a ɗauki Alhamis ɗin da ta fi kusa da cikar wata a Nuwamba, tunda makarantun boko suna buɗe a lokacin, makarantun allo kuwa suna hutun mako a ranar. Shekarar da ta ci karo da azumi sai a matsar da ita.

Akwai kuma camfin nan da kowa ya sani, cewa wanda ya yi tatsuniya da rana zai ɓata a kasuwa. Ba wanda ke gaskata shi yau, amma hikimar da ke ƙarƙashinsa a fili take, wato rana ta aiki ce, dare na hira. Saboda haka a raba ranar biyu. Da yamma, a darasin ƙarshe, kowane aji ya karɓi baƙuwarsa ko baƙonsa. Da dare kuma abin ya koma gida, inda asalinsa yake. Ba na neman a tara jama'a a fili da daddare, domin na san akwai ƙananan hukumomi da yawa a Zamfara da Katsina da Sakkwato da wasu wurare inda halin tsaro ba zai bari ba. A nan ne gidajen rediyon jihohi, waɗanda ke ƙarƙashin gwamnatocinku, za su yi amfani: sa'a guda bayan isha'i, a ɗauko muryoyin da aka naɗa a ƙauyukan jihar, da karin harshen kowane yanki, ba a sa ma'aikacin gidan ya karanta daga littafi ba. Basakkwace ya ji gatanarsa da bakin Sakkwato, Bagudduri ya ji tasa da bakin Guddiri.

Wa zai yi tatsuniyar? Mafi yawa mata ne, kuma mafi yawansu ba su taɓa zama a aji ba, sai dai kai wa jika abinci ko biyan kuɗin makaranta. Kowace firamare tana da kwamitin iyaye, kuma babu unguwar da ba a san tsohuwar da yara ke rububin zuwa ɗakinta ba. A je mata da girmamawa ta hannun mai unguwa, a ɗauko ta, a mayar da ita, a ba ta abin goro mai kauri wanda ba zai zama raini ba. Sannan a rubuta sunanta. Ina jaddada wannan saboda tarihin tattara tatsuniya a ko'ina cike yake da mantawa da masu ita. 'Yan'uwan nan biyu Jamusawa, Jacob da Wilhelm Grimm, da suka buga tarinsu a 1812 da 1815, da yawa daga labaran daga bakin mata suka same su, irin su Dorothea Viehmann da 'yan matan gidan Hassenpflug, amma duniya da sunan mazan ta san labaran. Namu tarin na zamanin Turawa ma da sunan Turawan ake kiransa. Yanzu kusan kowane malamin makaranta yana da wayar da ke naɗar murya. A umarci kowace makaranta ta naɗi abin da aka yi, da izinin mai labarin, a haɗa da sunanta da garinsu da wanda ta koya a wurinsa, a tura wa hukumar tarihi da al'adu ta jiha, kwafi kuma ya je sashen Hausa na jami'a mafi kusa. Jihar da ke da makarantun firamare dubu, ko rabinsu ne suka amsa, ta samu murya ɗari biyar a rana ɗaya ba tare da ta ba da kwangila ba.

Wani abin da zan roƙa shi ne kada a wanke labaran har su koɗe. Su ma 'yan'uwan Grimm sun yi ta gyaran nasu daga bugu zuwa bugu har na bakwai a 1857, kuma a labarin yarinyar da aka nemi hallakawa saboda kishin kyanta, uwar da ta haife ta ce mai kishin a bugun farko, daga baya suka mayar da ita matar uba domin kada ran iyaye ya ɓaci. Mu ma za a samu masu son a cire Dodo don kada yara su tsorata, a shiryar da Gizo ya tuba a ƙarshen kowane labari, a kuma liƙa wa kowace tatsuniya jerin darussa da za a haddace domin jarrabawa. Gizo maƙaryaci ne, mai haɗama, wani lokaci ya sha duka, wani lokaci ya tsira da abin da ya zambata, kuma yaron da ya ji yadda ya yaudari kura ko giwa yana koyon gane mayaudari tun kafin ya gamu da shi a tasha. Akwai tatsuniyoyin da ba su dace da aji ba, wannan gaskiya ne, kuma tsofaffin sun fi kowane kwamiti sanin wadda ake yi wa ɗan shekara shida da wadda ake bari sai yara sun yi barci.

Na san wasu daga cikin malamanmu na addini suna ɗari-ɗari da tatsuniya, suna ganin hululu ce da ƙarya, kuma ra'ayinsu ba abin yin watsi da shi ba ne a ƙasar da iyaye ke jin maganarsu. Kyautuwa ya yi a zauna da su tun kafin a sanar da komai. Hujjar da za a gabatar musu tana cikin tatsuniyar kanta, domin mai yin ta ba ta taɓa cewa abin ya faru ba. Da ta gama takan ce "Ƙurunƙus kan ɗan ɓera, ba don Gizo ba da na yi ƙarya," wasu ma su ƙara da cewa da ma ƙaryar ce suka shara. Yaro ɗan shekara biyar ya san bambancin wannan da ƙissar Annabawa da ake karanta masa a Islamiyya, kuma gidajen malamai da yawa sun tashi 'ya'yansu da duka biyun. A tsara lokacin yadda ba zai taɓa salla ko karatu ba, shi ke nan.

Ga masu kula da al'adu a cikinku, akwai wata riba ta daban. Najeriya ta amince da yarjejeniyar UNESCO, hukumar ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta 2003 a kan kare al'adun gado waɗanda ba na gini ko kaya ba, tun 2005. A jerin al'adun da ke ƙarƙashinta aka sanya bikin kamun kifi na Argungu a 2016, da wasan kwaikwayon Kwagh-hir na 'yan'uwanmu Tibi a 2019, wanda shi ma daga al'adar ba da labari ya tsiro, da hawan sallar Kano a 2024. A cikin jerin akwai hikayar Falasɗinawa, wadda tsofaffin mata ke yi wa mata da yara a gida a dararen sanyi, abin da ya yi kama da tamu ƙwarai. Hukumar ba ta karɓar al'ada sai an nuna cewa tana raye, an yi mata rajista a gida, kuma masu ita sun yarda. Ranar shekara-shekara da muryoyin da za a tara su ne shaidar da za a nema idan muka so a sanya tatsuniya a jerin. Kuma tunda tatsuniya ba ta san iyaka ba, ana iya yin neman tare da Jamhuriyar Nijar, inda masu fasaha suka riga mu shirya bikin labarai mai suna Gatan-Gatan a Dogondutsi.

Wannan rana ba za ta hana Bafulatani ko Babarbare ko Banufe ko Bajju yin tasa da harshensa ba. A makarantar da yara suka fito daga gidaje daban-daban, a gayyato kakanni daban-daban, kowa ya buɗe da irin buɗewarsu. Na yi magana a kan Hausa ne saboda ita na sani, ita kuma na koyar.

Abin da nake nema a aikace bai wuce takardar umarni guda daga kowace ma'aikatar ilimi zuwa sakatarorin ilimi na ƙananan hukumomi ba, da sa'a guda a rediyon jiha, da ɗan kasafin abin goro da kuɗin mota wanda zai isa hannun shugaban makaranta kafin ranar, ba bayanta ba. Idan haɗa jihohi duka zai ɗauki lokaci, jiha ɗaya ta fara a Nuwamba mai zuwa, ko da a ƙaramar hukuma uku ne, sauran su aiko da wakilai su zauna a bayan aji su gani.

Allah Ya ƙara muku lafiya da basira, Ya sa ku gama lafiya.

Naku cikin girmamawa,
Wani tsohon malamin Hausa a makarantar sakandare.